Kum Ɗinmu Ne Ya Rubuta Ƙaryar da ke Fayil Ɗin Mijina

Goggo Dobrila,

Don Allah ki agaje ni da shawara kafin in aikata abin da dangi za su yi ta zagina a kansa har in mutu. Tura ta kai bango, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a nan Valyevo, domin duk wanda na sani ya san mutumin.

Mijina Radoye direban babbar mota ne a soja tun yana saurayi. Wani lokacin sanyi, muna da alkawarin aure, kyaftin ɗinsu ya ce a fitar da wata mota a kai akwatunan harsashi. Radoye ya gaya masa birkin motar ba ya ci, shi kuma ya ce aiki ba ya jira. Suna cikin sauke kaya a gangare motar ta zame a kan ƙanƙara, ta matse Radoye da bangon rumbun makamai, daidai ƙugu. Maimakon a kai shi asibitin soja, sai kyaftin ya saka shi a motarsa ya kawo shi ƙauye wurin iyayensa, ya rubuta masa hutu da kwanan watan jiya. A asibitin gari aka ce ya faɗo daga bishiyar tuffa a gida. Haka ya shiga fayil ɗinsa na soja, haka yake har yau. Goggo, gidan surukaina ko tuffa ɗaya babu. Ban taɓa ganin mutum ya faɗo daga bishiyar da ba a shuka ba sai a takardar soja.

To ga inda abin yake ci mini rai. Radoye na fara dogara sanda sai ga kyaftin ɗin, Budimir, ya zo gidansu da kwalbar barasa da kwalin gahawa, ya ce yana roƙon a ba shi ya zama kum ɗinmu, wato waliyyin aurenmu kuma uban baftismar 'ya'yanmu, shi zai tsaya mana a coci ranar aure. Wa yake mayar da wanda ya zo neman zama kum? Surukina har da hawayen murna, wai ɗan manomi ya samu hafsa. Shi ya tsaya a bayanmu ranar aure, shi ya riƙe 'ya'yanmu biyu a wurin baftisma, shi ya raɗa musu suna. Ni kuwa yarinya ce, na ɗauka mutunci ne. Sai da na girma na gane toshiyar baki ce, kuma ta yi masa araha.

Radoye ya warke sama-sama, ya ƙarasa aikinsa yana ɗingishi, ya yi ritaya. Yanzu tsohon ciwon ya taso. Ƙafar hagu ba ya jin ta daga gwiwa zuwa ƙasa, ta dama ta fara bi. Ni ce mai saka masa safa, ni ce mai tayar da shi daga kujera. Likita ya ce ƙashin da ya haɗe a karkace yana danne jijiya, in ba a yi tiyata da wuri ba keken guragu ne. Da an yarda a bakin aiki ya ji ciwon, da asibitin soja ya karɓe shi, da gashin ƙashi da komai. Muka kai takardu gaban kwamitin likitoci. Wata yarinya sa'ar 'yata ta buɗe fayil, ta karanta, ta ce baba ai faɗuwa daga tuffa ba aikin soja ba ne. Mijina, mutumin da mota ta niƙe, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, 'yata. Na ji kamar in kurma ihu a ofishin nan.

Sun ce ana iya gyara fayil in akwai shaida. Babban shaida kuwa yana nan da ransa, ya yi ritaya da manyan taurari a kafaɗa, yana kiwon zuma, yana tafiya da ƙafafunsa biyu garau. Na ce wa Radoye mu je mu same shi. Ya ce Allah a sama, kum a ƙasa, shi ba zai sa wanda ya riƙe masa 'ya'ya ya rantse cewa ya yi ƙarya ba, a bar kaza cikin gashinta. Na ce kazar nan ai kai aka fige.

Kada ki ce Budimir bai taɓa yi mana alheri ba, ya yi. Ya samar wa ɗanmu aiki, ya zo jana'izar uwata. Duk shekara yana aiko da zuma. Zumar nan ko ɗanɗana ta ba na yi.

Bikin slava na gidanmu, wanda muke yi duk shekara don tunawa da waliyyin da ke kare danginmu, ya kusa. Zai zo kamar kullum, a zaunar da shi a kan tebur, a yanka masa wurin da ya fi daɗi a gasasshen alade, ya ɗaga kofi ya ce lafiyarka Radoye, yana kallon mijina yana jan ƙafa. Na yi niyyar in tashi a gaban baƙi in tambaye shi wace tuffa ce. Ko kuma in rubuta ƙorafin a ɓoye ba da sanin Radoye ba. Wanne zan yi? Na gaji da dafa wa mutumin nan abinci.

Matar Direba, daga Valyevo

*

Matar Direba,

Fushinki yana kan hanya, ba zan ce ki yi haƙuri ba, kin yi wanda ya isa. Amma dabarun nan naki biyu duk ki ajiye su. In kika tozarta kum a teburin slava, baƙi za su manta da ƙugun mijinki su riƙe rashin kunyarki, shi kuma Budimir ya samu dalilin tashi ya tafi a matsayin wanda aka ci wa mutunci. Ƙorafin ɓoye kuwa ba ya zuwa ko'ina, domin fayil na Radoye ne, sai da sa hannunsa.

Ki fara da abin da ba ya buƙatar kum. Takardar da kwamiti ya ba ku tana da wa'adin ɗaukaka ƙara, ki duba yau ɗin nan, kada ya wuce kuna gardama. Ku nemi cikakken kwafin fayil ɗin, da takardun asibitin gari na farko, musamman hoton ƙashi in yana nan. Likitan ƙashi yakan iya bambance wanda aka matse da wanda ya faɗo, ku roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa. Ba Radoye kaɗai ke sauke kaya ranar ba, ku nemo abokan aikinsa da ke raye. Motar da ta bugi bango an kai ta gyara, a tambaya ko takardar tana ajiye. Ƙungiyar tsofaffin sojoji takan san lauyan da ya saba da irin wannan. Kuma a saka sunan Radoye a layin tiyata na asibitin gari tun yanzu, gyaran fayil ba ya sauri, jijiya kuma ba ta jiran ofis.

Mijinki ba wawa ba ne. In ya yarda toshiyar baki ce, ya yarda ke nan ranar aurensa da sunayen 'ya'yansa duk an saye su, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga namiji. Budimir ma ban san zuciyarsa ba. Mai yiwuwa wayo ya yi, mai yiwuwa kunya ce ta kawo shi da kwalbar nan, kuma ita ke aiko da zumar. Ki tambayi lauya ko akwai sauran hukuncin da zai hau kansa bayan tsawon shekarun nan, domin ku je masa da amsa a hannu.

Sannan ku je gidansa ku biyu, ranar da ba biki, kafin slava. Radoye ya roƙe shi yadda kakanninmu ke roƙon kum, don Allah da Yohanna Mai Baftisma, ya rubuta gaskiya ya rantse a kai. Zumuncin kum ba hanya ɗaya yake bi ba, shi ma akwai abin da ya hau kansa. In ya sa hannu, ya biya kaɗan daga abin da ya ɗauka. In ya ƙi, shi ya tsinke igiyar, kunyar mara kunya kuwa asara ce, ku ci gaba da sauran shaidu.

In Radoye ya sake cewa ba zai je ba, kada ki yi masa faɗa. Ki gaya masa a hankali cewa da ƙafafunsa ne kawai da sai ya yi kyautarsu ga wanda ya so, amma ranar da suka daina ɗaukarsa, bayanki ne zai ɗauke shi, kuma ke ba a taɓa tambayarki ko kin yarda ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa a yi tiyatar nan a kan lokaci.

Goggo Dobrila