Ƙofar Manaja a Buɗe Take

Litinin, 6 ga Mayu
Da safe ina ɗaura igiyar takalmi a bayan sito, na ga sufabaiza ya hau motar ɗaga kaya, shi da bai iya ta ba. Ya yi baya ya daki jerin tayil, suka zube suka farfashe. Ya sauko yana waige-waige, na sunkuyar da kai. Kafin rana ta yi an ɗora wa Kawu Direba, mai tuƙa motar, laifin, alhali lokacin yana banɗaki.

Talata, 7 ga Mayu
Manaja ya tara mu, ya ce Juma'a zai yanke wa Kawu hukunci, wataƙila kora. Ya rufe da Turancin nan nasa: "My door is always open." Na tambayi Yaya, tunda ita ta gama sakandare. Ta ce haka manya ke faɗa wa na ƙasa da su, wato duk mai magana ya zo ko yaushe, za a saurare shi.

Laraba, 8 ga Mayu
Ma'ana kam na gane. Amma shekara biyu ina kallon ƙofar nan. Mai walda ya shiga kan rashin safar hannu, bai ƙara sati ba. Dogo ya shiga kan hutu, aka mai da shi dako cikin rana. Kowa shi kaɗai yake shiga, maganarsa da ta sufabaiza ake aunawa. In aka kore ni, wa zai riƙe Inna?

Alhamis, 9 ga Mayu
Kawu ya gutsuro min burodinsa kamar kullum. Bai tambaye ni komai ba. Da ma ya tambaya.
Sufabaiza ya dafa kafaɗata, wai yana son yaro mai kama bakinsa.
Iya mai shara ta zo wucewa, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ɗana, ran Litinin tagar sito nake gogewa." Mai gadi kuma ya kasa haɗa ido da Kawu.

Juma'a, 10 ga Mayu
Ba wata jarumta. Na dai yi wa Iya da mai gadi magana, babu wanda ya ce zai zo. Na shiga ofishin manaja, na ƙi rufe ƙofar. Na faɗi abin da na gani. Manaja ya ajiye biro.
"Kai kaɗai ka gani?"
Ban iya waigawa ba. Sai na ji an jingine tsintsiya a bango, wani kuma ya yi gyaran murya.
Na ce, "A'a, yallaɓai. Iya mai shara ta gani, mai gadi ma ya gani. Ga su nan a bakin ƙofa."