Zauren Mahaifina Da Na Yarda Aka Shafe Da Siminti

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon mai kula da wannan dandali ya sakaya sunana. Ni dattijo ne a cikin garin Bauchi, na saba a zo wurina neman fatawa, ban saba fita nema ba. Amma yau don Allah ku ba ni shawara, domin karatu bai cika haska wa mutum abin da ya shafi kansa ba.

Gidan da nake ciki gadonsa na yi daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Zaurensa ginin ƙasa ne, rufin azara, kuma maginan da suka ɗaga shi, da yatsunsu suka zane fuskarsa tun ƙasar tana ɗanya. Ƙyauren aikin masassaƙi ne, ƙusoshinsa kuwa maƙeri ne ya ƙera su ɗaya bayan ɗaya, babu biyu da suka yi kama. A nan mahaifina ya karantar, a nan ni ma nake karantar da magidanta bayan la'asar.

Ƙa'idar irin wannan gini ita ce a sake masa yaɓe kowace shekara kafin damina. Wasu shekaru da suka wuce babban ɗana, injiniya ne mazaunin unguwar Gwallameji, ya ce wahalar ta isa, a shafe bangon da siminti sau ɗaya a huta. Na amince. Ranar da ake aikin, wani tsohon magini abokin ƙuruciyata ya tsaya ya duba, ya ce, "Malam, ka sa wa bango rigar leda ke nan. Ƙasa numfashi take yi." Na yi dariya, na ce masa kishin sana'a ne ke damunsa.

Ashe gaskiyarsa ce. Ruwa ya riƙa shiga ta tsaga, simintin ya hana shi fita, ƙasar ta ruɓe daga ciki. Yanzu bangon gabas ya yi ciki, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ƙwarya. Na riga na mayar da karatu masallacin unguwa.

Ɗan nawa ya ce a rushe a sake da bulo, ya kuma kafa mini hujja da abin da ni na karantar da shi, cewa tsare rai yana gaba da tsare dukiya. Ƙanwarsa, wadda ke koyarwa a jami'a a Yelwa, ta ce irin wannan zaure ya yi ƙaranci a garin, kuma in ya faɗi ba ƙasa kaɗai za a kwashe ba, har da ilimin hannun da ya tsara shi. Sun yi sa-in-sa a gabana. Ya ce so take ta ajiye mahaifinta a gidan tarihi, ta ce wanda ya jawo ciwon shi ne ke gaggawar yin jana'iza. Maginin ya ce za a iya ceto shi in aka tokare rufin aka ɓamɓare simintin da hannu, amma ya ƙara da cewa, "Ban yi maka alkawari ba. Hannuna rawa yake, waɗanda na koya wa kuma duk sun koma tuƙa keke napep."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba na jin komai. Nakan zauna in kalli bangon kamar na wani. Na yi istihara, zuciyata ba ta karkata ko'ina ba, kuma ban sani ba ko wannan gudun duniya ne ko mutuwar zuciya.

A wannan hali ne ɗana ya ce zai kawo leburori su rushe zauren ranar Asabar, na ce to. Washegari 'yata ta ce ta shirya da maginin zai fara gyara a wannan Asabar ɗin, ita ma na ce mata to. Babu wanda ya san na amsa wa ɗayan.

Hadari ya fara haɗuwa, yau kuma Laraba. Jama'a, wanne zan kira in ce masa kada ya zo?