Goggona Ce Ke Tsinke Za'atar Ɗin Hima

Ummu Jawad, don Allah ki agaza min kafin Juma'a, kaina ya kulle.

Shekara guda ke nan da na bar koyarwa a birnin Saida na dawo ƙauyenmu, aka ɗauke ni aiki a hima, dutsen da mutanen gari suka killace don tsirrai da tsuntsaye su huta. Aikina in zaga da 'yan makaranta, in nuna musu shamuwa idan tana wucewa, in koya musu sunan kowane ganye. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki haka ba. Rana ta ƙona ni, takalmina kullum cikin laka, amma ko a jikina.

To ga inda gizo ke saƙar. Ni da hannuna na rubuta allon bakin hanya, cewa ba a tsinkar za'atar, ganyen ƙamshin da muke ci da gurasa, sai ya yi fure ya zubar da iri. Mai karya dokar kuwa Goggo Nazmiyya ce, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Da sassafe take hawa da buhunta, wai in ya yi fure ƙamshinsa ya gudu. Ta shanya, ta daka da riɗi, ta aiko min a kan gurasa da man zaitun, ni kuma, Allah ya yafe min, in cinye tas! Na taɓa yi mata zancen a fakaice, ta ce tana hawan dutsen nan tun ubana bai yi haƙori ba, yau kuma 'yar da ta share wa majina ce za ta kafa mata allo.

Yanzu shugaban kwamitinmu, Abu Ramiz, ya ce ran Juma'a in kawo sunayen masu tsinka a karanta a taron gari. In na kawo nata, na tozarta ta a gaban sa'o'inta. In na ɓoye, da wane baki zan sake tsayawa gaban yara?

Mai Allo

'Yata Mai Allo,

Na yi murna da kika samu aikin da ranki ke so. Dokarki tana kan hanya: in kowa ya tsinka kafin iri ya zuba, jikokinki sai dai su ji labarin za'atar. Amma goggonki ba ɓarauniya ba ce, dutsen ta tarar a buɗe.

Kin taɓa tsayawa kin ga hannunta? Tuge saiwa take yi, ko yankawa take da wuƙa ta bar gindin? Gobe ki ɗaukar mata buhun ki bi ta. In yankawa take, kin samu malamar da littattafanki ba su ba ki ba. In tugewa take, a nan za ki roƙe ta, ba a bainar jama'a ba.

Hima tun kaka da kakanni rufewa ake a kuma buɗe. Ki kai wa Abu Ramiz wannan: a sa ranar buɗewa, a ware gefen da ba a taɓawa don iri, tsofaffin mata su koya wa yara yanka. Karanta sunaye ba ya tsirar da ganye ko ɗaya. In ya nace ya tambaye ki kai tsaye, kada ki yi ƙarya.

Shi ya sa nake cewa kada ki jira Juma'a. Ki gaya wa goggonki komai ke da ita a ɗakinta. Za ta yi faɗa, ki yi shiru ki sha. Matar da ta raine ki za ta yafe miki allo, amma ba za ta yafe ta ji sunanta a bakin wani ba alhali kin sani kin yi gum.

Allah ya bar ku tare, ya raya dutsenku.

Ummu Jawad