Kada Aska Ta Taɓa Fuskar Wahid

Da sunan Allah nake farawa. Shekara biyu ke nan da wasan ƙwallon duniya da aka yi a nan Doha, wanda Kamil ya yi ta jigilar baƙi har ya rame. Ni ne Ɗantala Wanzam, mutumin Babura, ina zaune a ɗakin ɗana Kamil a Bin Omran da bizar ziyara. Hankalina garau yake, zuciya ce kawai likita ya ce ta gaji, ni ma na ji hakan tun kafin ya faɗa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka Sagiru mai gadi ke rubutawa ina faɗa, Hananiya nas maƙwabcinmu yana shaida. Na hana su gyara mini magana.

Na ɗaya. Gida da gonar fadama, malamai su raba yadda Allah ya ce. Sakinatu ’yata, ke ce babba kuma ke ce a gida, ki tsaya a kai. In ajali ya same ni a nan, a nan za a rufe ni. Kada a sa ni a jirgi kamar buhun wake.

Na biyu, kuma saboda shi na tara mutane. Kamil, Haulat, da ku nake.

Sakinatu ba ta nan aka yi, bari ta ji daga bakina. Ƙasar Turan da ’yata Haulat ke aikin asibiti ta hana ni biza sau biyu, shi ya sa muka yi mahaɗa a Doha don in ga ɗanta, jikana Wahid, mai wata takwas. Na taho da zabirata, ban ɓoye wa kowa ba. Duk ɗan gidanmu yana da fashin goshi da bille a kuncin hagu, ni na yi muku da hannuna ranar sunanku. Haulat na ganin zabirar ta rungume ɗanta. Ta ce in ta koma da yaro da yanka a fuska, hukuma za ta iya raba ta da shi, don ƙasashen duniya sun sa hannu a kan yarjejeniyar kare yara, kuma mutanen can ba sa wasa da ita. Kamil ya kira ta Baturiya, ya ce ɗan da ba shi da tsaga ba namu ba ne, ya rantse zai yi da kansa ranar da ta ba da baya. Tun daga ranar ta tattara ta koma gidan ƙawarta Angelina a Al Wukair. Ba ta ɗaga wayarsa, tawa ma sai ta ga dama. Alhamis jirginta zai tashi.

Ban ce tsaga kuskure ba ce, kuma ba zan faɗa ba. Kakana Jatau yana yaro mahara suka ɗauke shi, ya girma a hannun wasu can wajen Damagaram. Wata fatakiya ’yar garinmu ta gan shi yana ɗaukar kaya a kasuwa, ta dubi goshinsa da kuncinsa, ta kama rigarsa ta ƙi saki. Ba don billen nan ba, da babu ni, babu ku. Da Ingilishi da Faransi suka zauna a garuruwansu suka ja layi tsakaninmu da dangin uwata na Magarya, ba su tambayi kowa ba. Mu kuwa a kasuwar iyaka fuska muke duba mu gane namu.

To amma na zauna na yi ta juya maganar Haulat, don ba ni da aikin yi a ɗakin nan sai kallon na’urar sanyi. Abin da na gano shi ne Turawa ma suna da tsagarsu, sai dai tasu a takarda take. Sun yi yaƙe-yaƙe sun kashe juna har suka gaji, sai suka zauna suka rubuta abin da ba za a ƙara yi wa ɗan Adam ba, suka kira sauran duniya ta sa hannu. Haulat ta ce Najeriya ma ta sa. Na ce to, labarin bai iso bakin kasuwar Babura ba. Su kuwa sun riƙe takardun nan har sun zama abin da suke nuna kansu da shi, su ce mu ga irinmu, waɗancan ga irinsu. Ko suna cika abin da suka rubuta in ya zo kan wasu, wannan mai ganin labarai ya sani. Amma na ga aikin takardar da idona a filin jirgi. Jikana baƙi wuluk, kunnuwansa irin nawa, ya wuce da jan fasfo babu mai tambaya, ni da furfurata aka sa ni a gefe ana juya takarduna. Na ji haushi, na kuma yi dariya. Ashe yau Bature ba fata ba ne, ƙasarku ce ta shiga wata yarjejeniya.

Kakanninmu sun yi tsaga ne don kada ɗa ya ɓace wa uwarsa. In yau tsagar ce za ta raba ɗa da uwarsa, to askar ta juyo kanmu. Saboda haka, Kamil, na hana. Ina raye na hana, bayan raina na hana. Rantsuwarka ka yi kaffara, azumi uku ba zai kashe ka ba, da ma tumbi ya fara yi maka yawa.

Na uku. Zabira da ƙaho da askar aski naka ne, Kamil, kai ka iya su. Na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Kana tuƙa motar wani, kafil, ubangidan da bizarka ke hannunsa, na riƙe da wuyanka, ƙanwarka ta zo tana shiga ko’ina da jan littafi, dole zuciya ta yi zafi. Amma ita ce ka goya zuwa makaranta lokacin da ruwa ya cinye gadar Insharuwa. Kalmar Baturiya ta fita daga bakinka.

Na huɗu. Ƙaramar askar tsaga mai ƙotar ƙahon barewa, ta Jatau, na ba Wahid. Hananiya ya ce a sa ta cikin babbar jaka, in ba haka ba za a ƙwace a filin jirgi. Haulat, autata, ke ma ba ki tsira ba. Na bar masa fuskarsa, ke kuma ki ba shi bakinmu. Ki yi masa Hausa ko da mijinki Abdul-Samed zai ce yaro zai ruɗe. In ya tambayi abin da ke kuncinki, kada ki ce tabon ciwo ne. Ki ba shi labarin fatakiyar nan. Kuma in mutanen can sun ce iyayenki marasa tausayi ne, ki gaya musu hannun ubanki bai taɓa rawa ba, ke ma kuka ɗaya kika yi kika kama nono.

Allah Ya yi muku albarka ku uku, Ya raya abin da kuka haifa, Ya sa ku gama lafiya da kowace hukuma. Sakinatu, ki riƙa haɗa su a waya ranar Juma’a ko suna so ko ba sa so. Wanda ya yanke zumunci a cikinku, ban yafe ba sai ya ɗinke.

Gobe in Allah Ya kai mu, ana idar da asuba, Kamil zai kai ni Al Wukair kafin ya wuce aiki. Zan sa ya zazzage aljihunsa a gabana, zabira kuma a ɗaki za ta kwana ta wuni. Shi zai ƙwanƙwasa ƙofa, ni ina bayansa. In Haulat ta buɗe, Kamil ne zai fara ɗaukar yaron, ni in jero masa kakanninsa a kunne. In ba ta buɗe ba, zan shimfiɗa rawanina in zauna a bakin ƙofar har rana ta take. Ta san halin ubanta.