Sale Bai Ɓace Ba, Ruwa Ne Ya Ci Shi

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da al'amuran tsofaffin soja, Kano.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Sunana Ilu, mutumin Doguwa, tsohon soja mai ɗaukar kaya, yanzu ina haƙar kuza a Riruwai. Sau uku ina zuwa ofishinka, masinja yana ce mini in dawo. Takalmina ya gaji, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Takardarku ta ce ƙanena Sale ya ɓace a yaƙin ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Bai ɓace ba, a gabana aka yi.

Na biyu. An loda mu a jirgin ruwan nan mai buɗe baki, wanda ke zuwa gaɓa ya saukar da ƙofarsa, sojoji da motoci su fita. Ran nan yashi ya tare shi tun bai kai gaɓa ba, aka buɗe, aka ce mu sauka. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani rafi ne da ake naɗe wando a haye. Ba wanda ya tambaye mu ko mun iya iyo. Sale yana gabana da akwatin harsashi a ka. A gidanmu abin kunya ne mutum ya yar da kayan da aka ɗora masa. Ya taka rami, na yi ihu ya saki, bai saki ba. Abin da na gani na ƙarshe hannayensa ne biyu riƙe da akwatinku.

Na uku, kuma shi ne ke hana ni sukuni. Shekara goma ke nan mahaifiyarmu ta hana a yi masa sadakar mamaci. Ta ce takardar Bature ba ta ƙarya, wanda ya ɓace kuwa yana dawowa. Duk kaka sai ta ware masa dami a rumbu. Ni kuma kallon wanda ya baro ƙanensa a ƙasar wasu take yi mini, abin yana ci mini rai.

Ranka ya daɗe, ba lambar yabo nake roƙo ba. A ɗauki shaidata, a rubuta layi ɗaya cewa Sale ya rasu a bakin aiki, a buga hatimi, in kai mata a karanta. Ta tsufa, ina tsoron ta koma ga Allah tana jiransa, ba ta yafe mini ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya raba ka da jiran wanda ba zai zo ba.

Wassalam.

Ilu Doguwa.