Wainar da Baba Ya Raba

Laraba da dare, Goronyo.

Sakamakon jarrabawar shiga makarantar kasuwanci ya fito, na samu ɗari huɗu da tamanin. Na iske Baba a fadama shina ban ruwan albasa, na gaya mishi. Sai ya aje fartanya. "Mi? Ɗari huɗu? Mu a zamaninmu ɗari ce ƙarshen maki!" Kafin la'asar ya sa an toya waina, an raba wa maƙwabta sadaka.

Na kasa gaya mishi cikin ɗari takwas ne, kuma makarantar ɗari shida take nema. Lissafi ne ya kayar da ni. Na san amsoshin, lokaci ne ya ƙare mini.

Wainar ma na ci biyu. Gobe zan koma karatu da agogo a gabana. Baba ya riga ya gode wa Allah, saura ni in kawo abin godiyar.