Albarkar da Ta Tafi Tsibiri

Jiratawa, Lahadi

Zuwa ga Kamilu,

Bayan sallama. Malam Ilyasu ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara maganata.

Ba don kewa na aiko ba. Lafiyata lau, tumatirina ya yi kyau, ni kaɗai nake ban ruwa. Gidan ne dai ya yi mini yawa tun rasuwar uwarka, har kaji sun san ba mai korarsu daga ɗakinta.

Ka tuna ranar. An kai uwarka Fasuma makwancinta, an dawo, sannan ka iso da jakarka, wai injinan biro, wato ofishinku, sun tsaya. Maraɗi ce fa, ba Makka ba. Na rantse a gaban mutane ba zan ƙara karɓar komai daga hannunka ba, kuma ina nan kan bakana.

So nake ka san Allah ya musanya mini. Inusa mijin ƙanwarka Maijidda, wanda bai ga ƙofar lakwal ba balle ya yi boko, duk Juma'a sai ya taso daga Tsibiri kan kabu-kabunsa ya kawo mini maganin ido da goro da tuwo mai zafi. In na yi godiya sai ya sunkuyar da kai. Duk asuba sunansa nake kira in sa albarka. Naka na daina.

Mahaifinka,
Sha'aibu

Maraɗi, Talata

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na ji daɗi tumatir ya yi.

Baba, ba ku taɓa tambayata aikina ba. A biro akwai injina da yawa, kowane yana aika rahoton halin da yake ciki zuwa wani babban inji, amma ta hannun na tsakiya. In na farko bai sa sunansa ba, babban sai ya rubuta sunan wanda ya miƙo masa. Aikina ke nan, in ga kowane saƙo ya isa da sunan mai shi.

Nawa ne na bari ya ɓata. Maganin ni nake saye a farmasi, goron ma haka. Inusa ke biyowa ya ɗauka, Maijidda ta haɗa da tuwonta. Na roƙe su kada su ambace ni, don na san za ku mayar, ido kuwa ba ya jira. Inusa ya daɗe yana cewa kunyar godiyarku ta ishe shi.

Da godiya ce kawai, da na ƙyale masa. Amma albarkar asuba, Baba, ba ni da wani wurin samunta. Inna ta tafi. In kun ga dama ku mayar da maganin, sai dai ku gama kwalbar da aka buɗe.

Ɗanku,
Kamilu

Jiratawa, Laraba

Kamilu,

Bayan sallama. Sau biyu na sa Malam ya karanta, yana yi yana dariya, na ce ya rufe mini baki.

Ashe ku uku kuka taru kuka mai da ni yaro. Inusa zai ji daga gare ni. Maganar albarka kuwa, Allah ba injinku ba ne, ya san wanda ya aiko. Wadda na riga na sa wa Inusa ta zauna, man babur ɗinsa ya ƙona.

Ban karya rantsuwa ba, daga hannunka na ce. Na tambayi Malam, ya ce lafazin ke nan, sauran tsakanina da Allah.

Ranar Juma'a kada Inusa ya wahala. Akwai tabarmar uwarka a ƙofar ɗakinta, ban rantse a kanta ba. Wanda ya sayo magani ya zo ya ajiye a kai, ni zan ɗauka da kaina. In ya ajiye kada ya tsaya mini a kai kamar ɗan sanda. Tabarmar tana da faɗi.

Sha'aibu